Auren 'Yar Kamaru: Yaushe Za Ta Zama 'Yar Najeriya?

Wani mai sauraronmu ɗan Jimeta, da ke aiki a Garwa ta ƙasar Kamaru, ya auri 'yar can. Yana tambaya ko sai ta shekara 15 a Najeriya kafin ta zama 'yar ƙasa.

To Malam, Allah ya ba da zaman lafiya. Kwantar da hankalinka, shekara 15 ɗin nan sharaɗin sashe na 27 ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999, na sauran baƙi. Maiɗakinka tana ƙarƙashin sashe na 26, rajista kawai za ta nema ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, Shugaban Ƙasa ya amince. Ana duba kyawun hali, da niyyar zama a Najeriya, sannan ta yi rantsuwar biyayya. Wannan niyyar ce ka iya ba ku wahala tunda kuna waje, don haka ku tanadi shaidar gidanku na Jimeta da takardar aure.

Baƙon da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba shi da wannan gata. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙi gyaran da zai ba shi gatan a Maris 2022, kuma a ganinmu ba a kyauta ba.

Amma ku yi shawara tukuna: dokar Kamaru ta 1968 tana raba baligi da zama ɗan ƙasar idan ya karɓi na wata da son ransa.