Itatuwan Gado: Ɗanɗanonsu, Amfaninsu da Hanyar Kiyaye Su

A ƙasar Ingila akwai wata gona a Brogdale, cikin lardin Kent, inda aka tara ire-iren tuffa fiye da 2,000 don kada su ɓace. Cikinsu akwai Bramley, mai tsami, wadda ake dafawa. Asalinta ƙwaya ɗaya ce da aka shuka a garin Southwell a shekarar 1809. Tuffa ba ta yi a ƙasa mai zafi irin ta Katagum, amma mu ma muna da namu itatuwan da muka gada. Duk wanda ya zaga kasuwar Itas ko ta Azare zai ga 'ya'yansu jibge a faifai.

1. Ire-irensu da amfaninsu

Magarya tana da zaƙi da ɗan tsami. Akan shanya 'ya'yanta su yi watanni ba su lalace ba, ganyenta kuwa da shi ake wankan gawa.

Kanya tana da bauri tun tana ɗanya, idan ta nuna sai ta yi zaƙi.

Ɗinya baƙa ce in ta nuna, daga gare ta ake dafa maɗi.

Tsamiya ita ce ke ba kunu tsaminsa, musamman a watan azumi.

Aduwa tana haɗa zaƙi da ɗaci. Ana tatsar mai daga ƙwallonta, ana kuma sassaƙa allo da icenta.

Ɗorawa tana ba da gari mai zaƙi, kalwarta kuma ita ake yin daddawa da ita.

Goruba akan gwagwiyi bayanta, kabarta kuwa ta tabarma ce da igiya.

2. Abin lura

Ba kowace magarya ce daidai da 'yar'uwarta ba. A kowane ƙauye tsofaffi sun san wadda ta fi zaƙi, da tsamiyar da ta fi tsoka. Ƙwayar da aka shuka ba lalle ne ta gaji halin uwarta ba, domin ƙwari suna ɗauko garin fure daga wata bishiyar dabam. Saboda haka idan aka sare zaɓaɓɓiyar bishiya ba tare da an ɗauki reshenta ba, irin nan ya tafi ke nan. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa masu yawa a Arewa, kuma har yanzu gatarin masu itace da gawayi bai huta ba.

3. Aurar da bishiya

Yadda Turawa suka riƙe Bramley fiye da shekara 200 shi ne ta hanyar aure, irin wanda manomanmu suka sani a mangwaro. Ana yanko ɗan reshe daga bishiya mai kyau, a fere shi, a cusa a tsagar da aka yi wa ƙaramar bishiya mai irin wannan jinsi, a ɗaure da leda har su haɗe. 'Ya'yan da za ta haifa na mai reshen ne.

Ta haka ne aka aura wa magaryar gida wata magaryar Indiya mai suna Gola. A Nijar da Mali ana kiranta tuffar Sahel, saboda girmanta da garɗinta. Sai dai ɗanya ake cinta, ba ta ajiyuwa kamar tamu, kuma ƙudan 'ya'yan itace yana damunta. Don haka kada baƙuwa ta sa a yi watsi da ta gida.

4. Abin da ake bukata ga jama'a

Jihar Bauchi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa hukuma a 2015. Amma hukuma ba za ta san kanyar da ta fi zaƙi a ƙauyenku ba, sai ku. Ana roƙon dagatai da masu unguwanni su sa a tantance irin waɗannan itatuwa, a hana sare su. Manomi ya bar tsiron da ya fito da kansa a gona, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai son koyon aure ya tuntuɓi malamin gona ko na daji a ƙaramar hukumarsa kafin damina ta faɗi.