Amsoshin Tambayoyinku: Sabon Malami da Kwamfuta

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa, ɗaliba a kwalejin horar da malamai, tana tambaya: shin dole ne sabon malami ya iya kwamfuta kafin ya shiga aji?

To, Malama, a Najeriya dai kusan ya zama dole. Jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta TRCN ke shiryawa kafin ta ba da lasisin koyarwa, a kan kwamfuta ake yin ta. Sai dai cin jarrabawa daban, iya koyarwa daban. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibai da yawa a allo ake zana musu kwamfuta, su haddace sunayen sassanta, har su kammala karatu ba su taɓa tsara darasi da ita ba.

Ki fara da wayar da ke hannunki. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce, kuma akwai darussa da Hausa a cikinta. Ki zaɓi darasi guda, ki nazarce shi sosai, ki gwada shi lokacin da aka tura ku koyon aikin koyarwa. Ki kuma tanadi alli da rubutaccen darasinki, domin wuta ko sabis na iya ɗaukewa ana tsaka da karatu.