Darasi: Zanen barkwanci na siyasa a ma'aunin Shari'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wani ɗalibi ya tare ni bayan sallar La'asar, ya nuna mini wani zane a cikin wayar salularsa. An zana wani babban mutum mai ƙaton ciki yana zaune bisa buhunan hatsi, talakawa kuwa sun yi layi a gabansa da ƙoren da babu kome ciki. Ya ce: "Malam, ya halatta in tura wa abokaina wannan?" Na ga tambayar ta shafi jama'a da yawa, shi ya sa na kawo amsarta nan cikin mas'aloli biyar.

Mas'ala ta farko: mene ne wannan zane?

Shi ne hoton da ake yi da alƙalami don a yi sharhi kan abin da ke faruwa a ƙasa, a ƙara wa mutum hanci ko ciki ko rawani don mai kallo ya gane manufa nan take. Ƙarfinsa shi ne ba ya bukatar karatu. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba yana fahimtarsa kamar yadda mai ilimi yake fahimta, saboda haka masu mulki suka daɗe suna jin tsoronsa. A Faransa, wani mai zane, Honoré Daumier, ya zana sarki Louis-Philippe a 1831 yana haɗiye dukiyar da aka karɓo daga talakawa, aka yanke masa wata shida a gidan kaso. A Masar, Yakubu Sanu'u ya fitar da jaridar Abu Naddara yana yi wa Hidiwi Isma'ila zambo, aka kore shi daga ƙasar a 1878, ya koma birnin Paris ya ci gaba da bugawa. A nan Nijar, jaridu masu zaman kansu sun fara fitowa da Haske a 1990, suka yawaita bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, zanen barkwanci ya sami gurbi a shafukansu. Amma asalin abin ba baƙo ba ne gare mu. Zambo da habaicin maroƙa, da wasan kara na Damagaram inda ake kwaikwayon magabata, duk ƴan gida ɗaya ne da shi.

Mas'ala ta biyu: hukuncin sura

Hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun rarrabe: sura cikakkiya mai jiki, wadda take da inuwa kamar gunki, haramun ce, wadda aka zana a takarda ko bango, marar inuwa, makaruhi ce, ba ta kai haramun ba. Wasu malamai na sauran mazhabobi sun hana duka biyun, kuma wanda ya bi su don tsentseni ba a zarginsa. Abin lura shi ne, ko a wajen wanda ya sauƙaƙa, magana ba ta ƙare a nan ba, domin sauran abin da zanen yake faɗa.

Mas'ala ta uku: zane harshe ne

Larabawa suna cewa alƙalami ɗayan harsuna biyu ne. Don haka duk abin da ya haramta ka faɗa da baki, ya haramta ka zana shi, ya haramta kuma ka yaɗa shi. Kafin ka yi dariya ka tura, yi wa kanka tambaya uku.

Ta farko: abin da zanen ya nuna gaskiya ne? Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Zana mutum da buhun sata a kafaɗa tuhuma ce ta sata. In babu hujja, ƙazafi ne, kuma wanda ya tura ya yi tarayya cikin zunubin.

Ta biyu: aikin mutum ake suka ko halittarsa? Aya ta 11 ta wannan sura ta hana izgili da aibantawa da jifa da munanan laƙabobi. Gurguntaka, baƙin fata, ƙabila, asalin iyaye, ba mutum ya zaɓa wa kansa ba. Wanda ya yi musu dariya, aikin Mahalicci ya raina. Haka nan matar shugaba da ƴaƴansa da sirrin gidansa ba su shiga amanar da jama'a ta ba shi ba.

Ta uku: gyara ake nufi ko cin mutunci? Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana zaluncin da aka yi masa. Imamu Nawawi, cikin Riyadus Salihina, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka hana, daga ciki akwai kai kukan zalunci, da neman taimakon kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi, da wanda yake bayyana fasiƙancinsa a fili. Hadisi kuma ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. Ashe ba kowane sukan mai mulki ne giba ba, kamar yadda fadawan zamani suke so mu ɗauka.

Mas'ala ta huɗu: misali daga Falasɗinu

Naji al-Ali yana yaro ɗan kimanin shekara goma aka fitar da iyalinsa daga ƙauyensu a 1948, ya girma a sansanin ƴan gudun hijira na Ainul Hilwa a Labanan. A 1969, cikin wata jaridar Kuwaiti, ya fito da hoton wani yaro mai suna Hanzala, sunan da aka ciro daga wata tsiro mai tsananin ɗaci. Yaron ba shi da takalmi, rigarsa duk faci, daga baya kuma ya juya wa mai kallo baya, hannuwansa harɗe a bayansa, yana kallon abin da ake yi wa mutanensa. Da wannan yaro ya soki mamayar Isra'ila, ya soki shugabannin Larabawa, har da na Falasɗinawa kansu. An harbe shi a birnin Landan ranar 22 ga Yuli 1987, ya rasu ranar 29 ga Agusta. Ku duba, ƙarfin zanensa ya fito ne daga tsayawa tare da wanda aka zalunta.

Mas'ala ta biyar: zanen ɓatanci da martaninmu

Izgili ga Allah, ko Littafinsa, ko ɗaya daga cikin Annabawansa, ba sharhin siyasa ba ne, kuma babu Musulmin da zai yarda da shi. Mun ga irinsa a jaridar Danmak a 2005, da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. Sai dai fushi ma yana da ma'auni. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma. Hukuma ta ƙidaya mutum goma da suka rasa rayukansu, ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a Yamai. Wanda ya yi zanen yana can Paris, wanda aka ƙone wa wurin ibada kuwa maƙwabcinmu ne da muke cin kasuwa ɗaya. Alƙur'ani ya maimaita cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani, kuma aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da ake karewa daga rushewa. Kare mutuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tabbata ne da bin tafarkinsa: a yi inkari da hujja, a ƙaurace wa ɓarnar, kada a yaɗa ta ko da da sunan nuna takaici.

Amsar da na ba ɗalibin nan ita ce: in ka tabbata an karkatar da hatsin talakawa, kuma zanen bai wuce aikin ya taɓa halitta ko iyali ba, to kuka ne na wanda aka zalunta. In kuwa ji ka yi kawai, riƙe hannunka kamar yadda za ka riƙe harshenka, domin yatsan da ya tura zai ba da shaida ranar Alƙiyama.

Allah ne mafi sani. Allah ya shiryi shugabanninmu, ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.