Amsar Tambaya: Zoɓon da ba ya ɗaci

Tambaya: Ni amarya ce a Madawa. Duk lokacin da na haɗa wa baƙin maigidana zoɓo sai ya yi ɗaci, launinsa kuma ya dushe. Ina gyaran yake?

Amsa: Ƙanwata, yawan tafasawa ne ke ɓata miki shi. Ki ɗauraye busasshen zoɓon da ruwan sanyi sau biyu, don wanda ake shanyawa a fili ba ya rasa yashi. Ki tafasa ruwa lita 2 da dakakkiyar citta da ƙwayar kanumfari kaɗan, ki sauke tukunyar, sannan ki zuba zoɓo cikin tafin hannu biyu, ki rufe minti 30. Idan ya yi ja jawur, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sa sukari tun yana da ɗumi don ya narke.

Kada ki jefa kanwa wai don kashe tsami, ita ce ke baƙanta shi. Ganyen na'ana'a sai a ƙarshe, ki murza shi da yatsu.

A zafin Afrilu irin na Madawa da Buza da Keita, zoɓo ba ya kwana a waje. Ki haɗa na yini guda kawai, in za ki sa ƙanƙara ma ki tabbatar da ruwa mai tsabta aka yi ta.