Darasinmu na Yau: Kafin Ki Miƙa wa Yaronki Makullin Mota

Wataƙila kina da saurayin ɗa ko 'yammata a gida, kullum ana damunki da "Mama, a bar ni in koyi mota." Koyon tuƙi abu ne mai amfani, ga namiji da mace. Amma fa ki sani, iya murza sitiyari daban, cancantar hawa titi daban.

Da yawa daga cikinmu mukan yi kuskure. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ya iya tayar da mota ya yi ribas a ƙofar gida, sai a ce ai ya ƙware, a aike shi cefane. Wasu ma har tsere suke yi da motocin iyayensu a wajen ɗaurin aure. Idan tsautsayi ya faɗa, rai ba ya dawowa, kuma alhakin na kan wanda ya miƙa makullin.

Dokar Najeriya ta ce sai mutum ya cika shekara 18 za a ba shi lasisin tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aikin lasisi tare da jami'an duba ababen hawa da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Ga yadda ake bi:

1. A kai yaro makarantar koyon tuƙi wadda hukumar ta amince da ita, don takardar shaidarta ce ake nema.

2. A karɓi takardar izinin koyo, a manna alamar L gaba da bayan mota. Mai koyo ba ya fita shi kaɗai, sai da mai lasisi a gefensa.

3. Ya je gwaji gaban jami'in duba ababen hawa. Za a gwada ganinsa, a tambaye shi alamomin hanya, sannan a ga tuƙinsa: tashi, tsayawa, ribas, fakin da shiga shataletale.

4. In ya ci, a biya kuɗi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A shekarun baya akan fara ba da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihin ya fito. Motar gida tana rukunin B ne, babur kuma rukunin A.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Za ki ji wani ya ce, "Kawo kuɗi Hajiya, ba sai ya je gwaji ba." Kada ki yarda. Kati kika saya, ba ƙwarewa ba, kuma sau da yawa katin ma na jabu ne. In yaro ya faɗi gwaji, ba abin kunya ba ne. An nuna masa gibinsa ne tun bai cutar da kowa ba. Ya koma ya ƙara koyo.

Bayan lasisi ma aikinki bai ƙare ba. Ki zauna da shi ki yi masa wannan lissafin: a cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ne a awa. A wannan gudun, mota na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ke nan in ya duba waya na daƙiƙa biyu kacal, ya yi tafiyar kusan mita 28 bai ga gabansa ba. Ɗan makaranta na iya tsallakowa a wannan tazarar.

Saboda haka ki gindaya sharuɗɗa: ɗaura bel, ajiye waya, ban da tuƙin dare da cika mota da abokai a watannin farko. Ya kuma haddace lambar gaggawa ta hukumar, 122.

Aikin gida: kafin fitowa ta gaba, ki tambayi kanki, wa ke tuƙa motar gidanku, kuma ta wace hanya ya sami lasisinsa? Allah ya tsare mana zuri'a, amin.