Wasan Kwaikwayo na Rediyo, Jiya da Yau

Wani manomi daga Ɗambatta ya aiko da wasiƙa yana tambaya, shin wasan kwaikwayo na rediyo ya mutu ne?

To, Malam, Allah ya saka da alheri. Haƙiƙa tun da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962, inda marigayi Usman Baba Pategi ya shahara da wasan Samanja Mazan Fama, alhali kayan aikin ba su wuce murya da ƙarar ƙofa da takun sawu ba, wasan kwaikwayo bai gushe yana wa'azi cikin raha ba, har zuwa shirin Ji Ka Ƙaru na Muryar Jamus, wanda matasa suka riƙa saurara ta wayar salula. Wasan kwaikwayo na nan da ransa, Malam. A ci gaba da saurare.