Adasar Ido a Ƙauyukan Jazira: Abin da Ya Kamaci Mai Saurin Ciwon Ido Kafin Ya Sauya

Adasar ido, wadda masu shaguna a Wad Madani da Sinnar ke kira adasat lasiƙa, wato tabarau na mannawa, wani ɗan faifai ne garai-garai, galibi mai laushi, wanda faɗinsa bai wuce milimita 14 ko kusa da haka ba, ana ɗora shi a kan ƙwayar ido domin ya yi aikin da tabarau ke yi. Amfani da ita ya yaɗu tsakanin ɗalibai da ma'aikata da amare a garuruwan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a Sudan, har da Mai Wurno da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma tare da yaɗuwarta koke iri biyu ya yawaita: na farko ido ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi da raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, na biyu kuma kuɗin adasar da na ruwan wanke ta ya fi ƙarfin aljihu. Masu wannan koke kan yi tsammanin sauya kamfani shi ne mafita, alhali a wannan yanki ruwa da ƙura da yawan sa'o'in da adasa ke yi a ido sun fi sunan kamfani tasiri nesa ba kusa ba.

Fahimtar matsalar tana farawa daga ƙarniyya, wato fatar nan mai kama da gilashi da ta rufe baƙin ido. Ƙarniyya ba ta da jijiyoyin jini, saboda haka iskar oksijin da take rayuwa da ita tana zuwa mata ne daga sarari ta cikin hawaye, kuma duk abin da aka ɗora a kanta yana rage mata wannan rabo gwargwadon kaurinsa da irin sinadarin da aka yi shi da shi. Adasa kuma tana raba shimfiɗar hawaye gida biyu, ta sa na samanta ya yi saurin bushewa, shi ya sa mutum kan wayi gari lafiya amma da la'asar ya ji ido ya yi nauyi.

Yanayin Jazira yana ƙara wa wannan rauni ƙarfi. Tun daga 1925, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gonakin auduga, rayuwar ƙauyuka ta rataya a kan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, kuma har yau gidaje da yawa daga nan ko daga kogi suke samun ruwan wanka da wanki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iska ta bushe ƙarau, sannan guguwar ƙura da ake kira habub ta biyo baya kafin damina ta zauna. Idan aka haɗa da ƙaiƙayin dawa lokacin sussuka, da hayaƙin murhu, da hayaƙin icen ɗalha da mata ke turara jiki da shi, za a ga cewa idon da ke sanye da adasa yana fuskantar abin da zai harzuƙa shi kusan kowace sa'a.

Matakin farko kafin kowane sauyi shi ne a cire adasar na mako ɗaya ko biyu a koma tabarau, sannan a je wurin likitan ido ko ƙwararren mai auna gani, domin abin da ake kira saurin ciwon ido yakan zama alamar cuta mai suna. Akwai ramad rabi'i, wato ƙaiƙayin ido mai tsanani da ke kama yara da matasa a ƙasashe masu zafi da fari, wanda yawan murza ido a dalilinsa kan sa ƙarniyya ta yi siriri ta turo gaba kamar tsinin ƙwai. Akwai amodari, wanda aka san shi a sassan jihar Shuɗin Nilu, kuma idan ya tsufa yakan bar tabo a cikin fatar ido ya lanƙwasa gashin ido ciki. Akwai kuma wasu ƙuraje da kan fito a cikin fatar ido ta sama sakamakon dattin da ya taru a kan tsohuwar adasa. Kowanne daga cikinsu yana da maganinsa, kuma sabuwar adasa ba ta warkar da ko ɗaya. Ya kamata a guji sayen maganin ɗigawa mai sinadarin kotizon ba da izinin likita ba, domin ko da yake yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, daɗewa a kansa na jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Idan likita ya tabbatar ido zai iya ɗaukar adasa, sai a duba nau'in da ya dace. Adasa mai laushi ta farko, wadda masanin sinadarai Otto Wichterle na ƙasar Cek ya ƙera a 1961, ta dogara ne ga ruwan da ke cikinta wajen isar da oksijin, kuma irinta mai ruwa da yawa takan bushe a busasshiyar iska har ta koma tsotson hawayen mai ita. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da mai haɗin silikon, wadda oksijin ke ratsawa ninki da yawa, sai dai wasu idanuwan kan ji ta da ɗan tauri. Akwai kuma ƙaramar adasa mai tauri, wadda ke daɗewa shekara ko fiye kuma ita ake ba masu turarriyar ƙarniyya, amma ƙura na saurin shiga ƙarƙashinta. Ga mai saurin ciwon ido da ke zaune inda ruwa mai tsabta ke wuya, wadda ta fi dacewa ita ce ta yini ɗaya, da ake buɗewa da safe a jefar da dare, saboda ba ta buƙatar wanki ko mazubi, kuma datti ba ya samun damar taruwa a kanta.

Wanda ya zaɓi ta wata ɗaya ya sani cewa sau da yawa ruwan wankin ne ke ƙona ido, saboda sinadarin hana ruɓewa da ake zuba masa. Madadinsa shi ne ruwan haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, wanda dole a bar adasa a cikin mazubinsa na musamman na aƙalla sa'o'i 6 har ya huce ya zama ruwa marar illa, domin idan ya taɓa ido kafin haka yana ƙuna ƙwarai. Kowane irin ruwan wanki ana ajiye shi a inuwa mai sanyi, a zubar da na jiya gaba ɗaya kafin a zuba sabo, a kuma sauya mazubi duk bayan wata 3.

Batun araha kuwa lissafin shekara ake yi masa. Mai sa adasar yini ɗaya kullum yana buƙatar guda 730 a shekara, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidajen manoma, amma mai sa ta kwana 2 a mako, ranar biki ko tafiya ko wasa, guda 208 sun ishe shi, ba tare da kuɗin ruwan wanki ba. Mai ta wata ɗaya yana buƙatar guda 24 da kwalaben ruwan wanki da mazubi 4, kuma tana yi masa araha ne kawai idan yana sa ta kusan kowace rana. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya kai Wad Madani a Disamban wannan shekara, ya dagula hanyoyin shigo da kayan asibiti, saboda haka wajibi ne mai saye ya duba ranar ƙarewar aiki da lafiyar marfin kowane ƙunshi, ya kuma guji adasa mai launi da ake sayarwa tare da kayan kwalliya ba tare da awon ido ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma mafi tsadar araha a nan ita ce jan adasar wata ɗaya zuwa wata uku, ko kwana da ta yini ɗaya a sake sa ta gobe.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a ƙauyukan ban-ruwa ita ce kada ruwa ya taɓa adasa, ko na tur'a ne ko na kogi ko na randa ko na famfo, domin a cikinsa akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba da ke maƙalewa a jikin adasa ta cinye ƙarniyya, kuma maganinta yana ɗaukar watanni, wani lokaci ma gani ba ya dawowa. Ana cire adasa kafin wanka ko iyo, ana wanke hannu da sabulu a busar da shi sarai kafin a taɓa ta, kuma mai alwala ya runtse ido sosai yayin wanke fuska, tunda cikin ido ba ya daga abin da aka wajabta wankewa. Barci da adasa, ko da na ƙailula ne, yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8. Kwalli a cikin fatar ido ba ya haɗuwa da adasa, kuma a ranar habub ko sussuka ko turare tabarau ne ya dace.

Sabuwar adasa ana karɓarta ne bayan mai auna gani ya gwada lanƙwasarta da faɗinta a kan idon mai ita, tunda lambar tabarau kaɗai ba ta wadatar, sannan a fara da sa'o'i kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Duk wanda ya ji zafi mai tsanani, ko ya kasa kallon haske, ko ganinsa ya dusashe, ko ya ga farin ɗigo a kan baƙin idonsa, ya cire adasar nan take ya nemi asibitin ido a ranar, ya kuma tafi da adasar da mazubinta domin a bincika su. Ga mazaunin ƙauyen da ke nesa da likitan ido, tsarin da ya fi aminci kuma ya fi sauƙin kuɗi shi ne tabarau mai kyau domin yau da kullum, da adasar yini ɗaya domin ranakun da buƙatarta ta taso.